Sauya Rutar Gida: Yadda Sabon Kaya Zai Zauna da Tsoho

A gida ɗaya a Agadez ana iya samun kayan intanet na zamani huɗu ko biyar, kowanne daga ƙasarsa. Salular maigida sabuwa ce, daga Dubai aka kawo ta. Ta uwargida ƙaramar Itel ce da ta daɗe tana aiki. Kwamfutar ɗansu mai karatu a Jami'ar Agadez ta gwanjo ce, ta biyo hanyar Libiya. Talabijin daga Tamanrasset ya zo, kyamarar ƙofar shago kuma daga Kano. Dukansu a wuri guda suke samun intanet: wannan ƙaramin akwati mai ƴan fitilu da ake kira ruta.

Ran da aka ce ruta ta tsufa, aka sayo sabuwa, sai a ga abin da ba a zata ba. Salular maigida ta kama nan take. Kyamara ta yi shiru. Kwamfuta ko sunan wifin ba ta gani. Sai a fara zargin mai shago, ko a yanke hukunci cewa tsofaffin kayan sun mutu. Sau da yawa babu wanda ya mutu. Saiti ne bai dace ba, kuma mai gida da kansa zai iya gyara shi. Wannan darasi zai koya mana yadda za mu gane ko sauyin ma ya zama dole, abin da za mu duba kafin mu biya kuɗi, da yadda za mu saita sabuwar ruta ba tare da mun zubar da kayan da ke da sauran amfani ba.

Ina matsalar take?

Ruta fuska biyu gare ta. Ɗaya tana kallon waje, tana karɓo intanet daga kamfani, ta pus (wato katin SIM) ko ta igiya ko ta tauraron ɗan Adam. Ɗayar tana kallon cikin gida, tana raba abin da ta karɓo ta hanyar wifi. Sabuwar ruta ba za ta raba abin da bai shigo ba. Saboda haka kafin a je kasuwa, a yi gwaji.

Ka tsaya dab da ruta, ka buɗe shafin fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta lambar da ta fito. Ka koma ɗakin da ya fi nisa, ka sake. Ka yi haka da sassafe, ka kuma yi bayan isha'i. (Gwajin yana cin forfe, wato datar da aka saya, kada a yi ta maimaita shi ba dalili.) Idan kusa da nesa duk a hankali suke, matsalar daga waje take. Idan da safe akwai gudu amma da dare babu, jama'ar unguwa ne suka taru a kan eriyar kamfani guda, kuma ko rutar miliyan ka sayo ba za ta kore su ba. Idan kusa lafiya, nesa babu, to bango ne da tazara. Idan kuwa na'ura ɗaya ce tak ke jan ƙafa, a bar ruta ta huta, a duba na'urar.

Akwai lokacin da sauyi ya wajaba. Airtel ya fara 4G a Nijar a 2019, kuma har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da akwatin 3G na kafin wannan lokaci. Irin wannan akwati ba zai taɓa kama 4G ba, komai ƙarfin rezo. Haka kuma rutar da masu ƙera ta suka daina aiko mata da gyaran manhaja, ko wadda ba ta san kulle na zamani ba, lokacinta ya yi.

Fuskar waje: pus, kulle da zango

Agadez mahaɗar hanyoyi ce, kuma kayan da ke shigowa kasuwarta suna zuwa da tarihinsu. Rutar da kamfanin waya ya sayar da tambarinsa a jiki, galibi a kulle take, ba ta karɓar pus ɗin wani kamfani. Akwatin Djezzy ko Mobilis daga Aljeriya, na Libyana daga Libiya, na MTN daga Najeriya, duk suna iya yin kyau a ido, su kunna fitila, amma su ƙi pus ɗin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms. A cikin gida ma haka ne: akwatin wani kamfani ba lalle ya karɓi pus ɗin wani ba. Masu tsohon akwati mai tambarin Orange su tuna cewa tun 2019 kamfanin ya koma hannun Zamani, can za su kai tambayarsu.

Sai batun zango. Kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaici, haka 4G ke tafiya a zanguna daban-daban. A Afirka da Turai an fi amfani da irin su 800, 1800 da 2600, Amurka kuma tana da nata. Rutar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana iya zama a buɗe, amma ta kasa jin eriyar da ke bayan gidanka. Ofishin kamfaninka zai gaya maka zangon da yake amfani da shi, a bayan kwali kuma an jera waɗanda ruta ta sani.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka je shago da pus ɗinka. Ka ce wa mai kaya: "Malam, a buɗe take ko a kulle? Bari mu sa nawa mu gani." Mai gaskiya ba zai hana ba. Ka tabbata alamar 4G ta fito, ka buɗe shafi ɗaya ko biyu da salularka, sannan a yi ciniki. Ka duba girman ramin pus, domin iri uku ne, babba da matsakaici da ƙarami. Idan pus ya shiga, rezo ya fito, amma intanet bai zo ba, yawanci sunan mashigar kamfani ne, wanda ake rubutawa APN, ba a sa daidai ba. Wannan ma a ofishin kamfani ake karɓa, kyauta.

Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, kuma ya sauya lissafi ga masu sayar da tikitin wifi da mazauna nesa da eriya. Shi da farantinsa da rutarsa yake zuwa. Abin lura biyu ne. Rutar zubi na biyu ba ta da ramin igiya sai an sayi mahaɗi daban, ta zubi na uku kuwa tana da biyu. Sannan babban farantin yana cin wuta tsakanin wat 75 da 100, alhali rutar pus ba ta cika wuce wat 10 ko 12 ba. Wanda ke kan sola ya yi wannan lissafin tun kafin ya saya.

Fuskar ciki: 2.4 da 5

Wifi ma zubi-zubi ne. Na 1999 yana kai megabit 11 a daƙiƙa, na 2003 ya kai 54. A 2009 aka fitar da wanda yanzu ake kira Wi-Fi 4, a 2013 Wi-Fi 5, a 2019 Wi-Fi 6, a 2024 kuma Wi-Fi 7. An gina su ne a kan sharaɗin sabo ya iya magana da tsoho. Rutar Wi-Fi 6 za ta yi magana da salular 2012, amma da gudun salular, ba da nata ba.

Abin da ya fi zubi muhimmanci a gidajenmu shi ne zango. Akwai na 2.4, akwai na 5, sababbi ƙwarai sun ƙara na 6. Zangon 2.4 ba shi da gudu sosai, amma yana zuwa nesa, yana ratsa bango. Zangon 5 yana da gudu, amma bango ɗaya mai kauri ya isa ya karya shi. A tsohon garin Agadez, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ginin ƙasa ne mai kaurin gaske, irin wanda ya riƙe hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27. Kaurin da ke hana zafi shiga ɗaki shi ne ke hana wifi shiga. A sababbin unguwanni kuma ƙofofin ƙarfe da rufin kwano ne ke tare shi. Ruwa ma yana shanye shi, don haka kada a ajiye ruta bayan randa ko tankin ruwa. Wurinta shi ne tsakiyar gida, sama da kan mutum, a inuwa, ba cikin kabad ba.

Kaya da yawa zangon 2.4 kaɗai suka sani: ƙananan salula masu sauƙin kuɗi, kyamarorin tsaro, injin buga takarda, tsofaffin talabijin, da ɗan abin wifi da ake maƙala wa injin sola. Sababbin ruta kuma suna zuwa da zangunan biyu a haɗe ƙarƙashin suna guda, su zaɓa wa kowace na'ura inda za ta hau. Dabara ce mai kyau ga sababbin kaya, amma takan rikita tsofaffi, musamman lokacin haɗa kyamara karo na farko. Maganin shi ne a raba su. A shiga saiti, a ba kowane zango sunansa, misali Gida da Gida5. Manhajar Starlink ma tana da wannan zaɓi.

Raba su yana da wani amfanin. A kan tasha ɗaya, na'urori bi da bi suke magana da ruta, kamar rijiya mai guga ɗaya: idan mai sanyin hannu ya karɓi igiya, kowa sai ya jira shi ya cika tulunsa. Tsohuwar salula da ke ɗaki mai nisa tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta karɓi abin da sabuwa za ta karɓa cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan lokacin sauran suna jira. Wi-Fi 6 ya zo da hanyar yi wa na'urori da yawa hidima a lokaci guda, amma tsakanin ƴan zubinsa kawai. Idan aka bar tsofaffi a 2.4, aka kai sababbi 5, kowa ya samu sarari.

Idan na'ura ba ta ganin sunan wifi sam, a duba abu uku. Na farko tasha. Zangon 2.4 yana da tasha 13 a yawancin ƙasashe, amma kayan da aka yi don Amurka a ta 11 suke tsayawa. Idan ruta ta zaɓi ta 12 ko ta 13 da kanta, kwamfutar gwanjo daga Amurka ba za ta gan ta ba. A sa ta a 1, 6 ko 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna. Na biyu suna: a rubuta shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa da lambobi, domin wasu tsofaffin kaya ba sa gane ƙ da ɗ, ko é ta Faransanci. Na uku ya shafi kwamfuta. Wasu katunan wifi na Intel masu tsohuwar manhaja ba sa nuna wifin zubi na 6 ko kaɗan. A haɗa kwamfutar da igiya, a sabunta manhajar katin, sunan zai fito.

A ganina, gidan da intanet ɗinsa ta pus yake shigowa bai da bukatar Wi-Fi 7. Gudun da ke rubuce a kwali na tsakanin ruta da na'ura ne, ba na tsakanin gida da duniya ba. Kuɗin ya fi amfani idan aka sa shi a eriyar waje da za a ɗaura a kan soro, ko a batir.

Kulle: inda tsoho da sabo suka fi saɓawa

Kalmar sirri ita kaɗai ba ta isa ba, akwai kuma irin kullen da ke bayanta. Na farko shi ne WEP, wanda masana suka nuna rauninsa tun 2001, yau kuma cikin mintuna ake fasa shi. WPA ya zo a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Salular Android tun daga zubi na 10, iPhone daga iOS 13, da Windows 10 da aka sabunta daga 2019 sun san WPA3, in dai katin da ke cikinsu ya iya. Windows 7 bai san shi ba, haka ma kyamarori da talabijin da yawa.

Alamar wannan matsala a bayyane take. Na'ura tana ganin suna, ka sa kalmar sirri daidai, ta ce ba daidai ba ne, ko ta yi ta juyawa ba ta shiga. Ka shiga saitin tsaro, za ka ga zaɓi. Idan an sa WPA3 zalla, ka mayar da shi gauraye, wanda ake rubutawa WPA2/WPA3. Idan har yanzu akwai mai ƙi, domin wasu tsofaffin kaya gaurayen ma yana rikita su, ka sa WPA2 tare da AES. Wannan kulle ne mai ƙarfi har gobe, muddin kalmar sirri tana da tsawo. Ƙa'ida ta yarda da harafi 8 zuwa 63. Kada a sa lambar waya ko sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, waɗannan duk unguwa ta sani.

Nan ne iyakar sassauci. Kada a sauko zuwa WEP ko TKIP na tsohon WPA don a faranta wa na'ura guda, kada kuma a bar wifi a buɗe. Ban da haɗarin, TKIP yana mayar da gudu ya tsaya a megabit 54. Haɗarin kuwa ba na satar forfe kaɗai ba ne. A salular nan ake tura kuɗi, a ciki hotunan iyali suke, kyamarar nan kuma tsakar gida take kallo. Na'urar da ba ta san WPA2 ba ta haura shekara ashirin a fasaha. A haɗa ta da igiya idan tana da rami, idan babu a haƙura da ita.

Yawancin ruta suna da wifin baƙi, mai sunansa da kalmar sirrinsa daban. Gidan da zaurensa ba ya rabuwa da jama'a ya kamata ya kunna shi. Baƙo ya samu intanet, amma bai ga kyamara ko kwamfutar gida ba, kuma ran da aka ga kalmar ta yaɗu sai a sauya ta ba tare da an taɓa kayan gida ba. A kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da kalmar sirri ba, domin lambarsa tana da sauƙin fasawa. A kuma sauya kalmar shiga saitin ruta ita kanta, domin da yawa da admin suke fitowa daga masana'anta, kuma yaran gari sun san haka.

Caja da zafi

Bakin caja ya shiga rami ba ya nufin ta dace. A karanta ƙasan ruta: wata 12V take so, wata 9V, wata 5V. Lambar V dole ta zama daidai. Lambar A ta caja kuma ta kai wadda ruta ke nema ko ta fi. Cajar tsohuwar ruta mai ƙaramin A za ta kunna sabuwa, amma da aiki ya yi nauyi sai ta mutu ta sake tashi, a yi ta zargin rezo. Wutar Nigelec da ke zuwa mana daga tashar kwal ta Sonichar a Anu Araren 220 ce, saboda haka cajar da aka rubuta wa 110 ko 120 kaɗai za ta ƙone. A nemi mai 100–240. Masu haɗa ruta kai tsaye da batirin sola su sani cewa batirin 12 yakan haura 14 lokacin da yake caji, a sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Yawancin rutar gida an yi su ne su yi aiki har zuwa digiri 40. A watan Mayu da Yuni Agadez tana wuce haka. Rutar da aka ajiye a taga don ta kama rezo, rana na dukanta, za ta rage gudu ko ta ɗauke. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura. A riƙa kakkaɓe ramukan iskarta da busasshen burushi.

Ranar sauyi

Kafin a cire tsohuwa, a rubuta sunan wifinta da kalmar sirrinta harafi da harafi, manya da ƙanana. A kashe ta. A kunna sabuwa, a shiga saitinta ta adireshin da ke rubuce a ƙasanta, irin su 192.168.0.1, 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na Huawei. A ba ta suna da kalmar sirri irin na tsohuwa sak. Kayan gida za su hau da kansu, ba sai an bi kyamara da tsani ba. Idan tsohuwar kalmar ta riga ta zagaya unguwa, to wannan ce ranar sauya ta, ko da za a sha wahalar bin kowace na'ura. Daga nan a gwada kaya ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi tsufa. A sa ido kan forfe a makon farko: idan gudu ya ƙaru, YouTube da ire-irensa suna ɗaga kyan hoto da kansu, salula kuma su shiga sabunta manhajoji, sai forfen wata ya ƙare kafin lokacinsa.

Tsohuwar ruta, in dai ta san WPA2, ba ta shara ba ce. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a gidan ƙasa mai sassa da yawa ita ce za ta kai wifi inda sabuwa ta kasa. A ja igiyar intanet daga ramin LAN na sabuwa zuwa ramin LAN na tsohuwa. Igiya ɗaya tana iya kai mita 100. A shiga saitin tsohuwar a kashe DHCP, wato aikin raba wa na'urori adireshi, domin ruta ɗaya ce ya kamata ta yi shi a gida. Idan biyu suka yi, intanet zai riƙa zuwa yana ɗaukewa. A sauya adireshinta kada ya yi karo da na sabuwa, a sa ta a wata tasha daban: idan sabuwa tana 1, ita ta hau 6 ko 11. Wannan ya fi ƙaramin abin ƙara nisan wifi da ake cusawa a soket, domin shi ta iska yake karɓa ta iska yake bayarwa, bangon da ya tare salula shi ma zai tare shi. Igiya kuma a duba bakinta: mai silli takwas tana iya ɗaukar megabit 1000, mai silli huɗu a 100 take tsayawa. Wanda zai sayar da tsohuwar ko ya ba da ita kyauta, ya danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta na wasu daƙiƙoƙi har fitilu su ɗauke, don ta manta sirrin gidansa.

Aikin yi

1. Ku zagaya gidanku ko shagonku, ku rubuta duk abin da ke hawa wifi. A gaban kowanne ku nuna ko yana ganin zangon 5 ko 2.4 kaɗai. Ku zo da takardar aji na gaba.

2. Hajiya ta sayi sabuwar ruta. Salularta ta kama, amma talabijin yana ganin sunan wifi, yana cewa kalmar sirri ba daidai ba ce. Wane saiti za ku fara dubawa, kuma wane zaɓi ne ba za ku yarda a sa ba ko da talabijin zai kama da shi?

3. A ƙasan ruta an rubuta 12V 1.5A. Akwai caja uku: 12V 1A, 12V 2A, da 19V 3A. Wacce ta dace, kuma me zai faru idan aka sa kowace daga sauran biyun?

4. Ruta mai cin wat 10 da farantin da ke cin wat 75, kowanne ya kwana ya wuni a kunne. Ku lissafa wutar da kowanne ya ci cikin awa 24, sannan ku kwatanta da ƙarfin batirin da kuke da shi a gida.

5. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai shago ɗaya mai saye. Mai saye ya yi duk tambayoyin da ya kamata kafin ya biya kuɗin rutar da aka kawo daga Aljeriya.